Tandar Goggo Dudu

Daren jajibere a unguwar Jahun
muka sauko da tandar Goggo Dudu.
Gurbi tara, ɗaya ya tsage,
baƙa wuluk, tana ƙanshin man shekarun baya.
Sallar farko ke nan ba mai ita,
kowa na kallo, ba mai taɓawa.

Tun azahar shinkafa ke jiƙe,
mudu uku daga Wunti, farar ta tuwo.
Hansatu ta ce a zuba nono,
Adda Kulu ta ce yis ya fi sauri,
ni na ce Goggo ba ta bar takarda ba.
Awonta gwangwanin madara ne da tafin hannu.
Gwangwanin ga shi a kan taga,
hannun ya yi tafiyar da ba dawowa.

Muka kai niƙa, muka dawo,
muka rufe ƙullu, muka yi ta leƙe.
Da asuba yana nan yadda muka bar shi,
ya kwanta shiru kamar mai fushi,
ko kumfa ɗaya bai yi alamar tasowa.

Haka muka soya.
Ta farko ta kama, ta biyu ta dagargaje,
ta uku ta fito da nauyin dutsen niƙa.
Gidado ya gutsura, ya dubi kaza,
kaza ta duba, ta yi wucewa.

Amma gidanmu akwai doka:
masar farko ba ta kwana a gida,
ta katanga ake miƙa ta ga Mama Rifkatu,
ita kuma ran Kirsimeti
shinkafarta da kaza su ke tsallakowa.
Shekara talatin ana haka.
Na ɗora kwano a kan katanga
kunya kamar ƙasa ta tsage in yi nutsewa.

Ba a jima ba sai ga sallama,
zani a kafaɗa, ƙullin leda a hannu.
Ta ce, wa ya kashe wannan ƙullu?
Kun dafa kashi ɗaya kun haɗa? Muka yi tsuru.
Kun jiƙa ungurnu? Muka dubi juna.
Ta ce, kuma kun dame shi da leƙe,
ƙullu ai ba ya son ido,
a rufe shi da tsohon zani kusa da murhu,
a bar shi da Allah har wayewa.

Ashe duk daren Sallar da muke barci
ita ke riƙe wa Goggo fitila.
Abin da muka nema cikin ɗaki
ya daɗe da ƙetare katanga,
yana can a ajiye, ba mu tambaya, ba a faɗawa.

Ta buɗe ledar, ga ɗan tsamin ƙullunta,
ta zuba, ta juya, ta ɗanɗana da yatsa,
ta ce mu tafi idi, ita za ta zauna.
Muka dawo, tun daga zaure
ƙanshin ya tare mu, Adda Kulu ta tsaya cik,
ta juya baya tana gyaran gyale,
mun san ba gyalen take gyarawa.

Cokali na juya masa, mai na tsuwa,
gefe ja, ciki fari kamar auduga,
miyar taushe na tafasa da kabewa.
Gurbin da ya tsage, Mama ta cika shi,
ta ce wannan na autan gida ne,
mai ɗan ƙauri, haka Dudu ke bayarwa.

Gidado ya karɓa da hannu biyu,
yana hurawa, yana ci, yana ƙonewa.
Ni kuwa na tsuguna gefen murhu
na miƙa mata tafin hannuna,
ta zuba gishiri, ta rage kaɗan,
ta ce, nan ne. Riƙe. Kar ki yi mantuwa.