Shayin Farko Ni Zan Biya

Bahattin maƙwabcina, da asuba na ji ka
kana ta da injin motarka,
tagar ɗakina har tana karkarwa,
ka fice tun ladan bai sauke murya.

Wa za ka riga? Duk Uskudar ta san dabarar nan.
Kowa ya yi sammako, kowa ya tarar da kowa.
Gada ta cika maƙil, ƙarfe na shinshinar ƙarfe,
mota dubu, kujera dubu biyar,
kowacce ɗauke da mutum ɗaya.

Na san wurin, shekara goma sha ɗaya na yi a ciki,
ƙafata na safa da marwa tsakanin birki da totur.
Na haddace lambar motar gabana kamar karatun allo,
mai ita kuwa ban san fuskarsa ba, sai ƙeya.

A can na koyi ashar ɗin da ubana bai koya mini ba.
A can furfura ta same ni, hannuna kan sitiyari.
Teku na ƙarƙashina, shuɗi, yana ta harkar gabansa,
ni ina zura wa jar fitila ido,
ina kiran wannan zaman da sunan tafiya.

Ba wayona ne ya fisshe ni ba.
Motar ce ta mutu wata Talata,
bakanike ya ce sai bayan mako biyu.
Na gangaro tudu a ƙafa ina ƙunƙuni,
kamar an cika mini takalmi da ƙaya.

Sai ga jirgin ruwa a bakin gaɓa, yana huci.
Na biya abin da ba zai jiƙa maƙoshin tanki ba,
na zauna kusa da wata tsohuwa mai saƙa.
Aka kawo jan shayi a ɗan kofi mai siririn ƙugu,
tsuntsayen teku na cafke gutsuren burodin riɗi a iska.
Kafin shayin ya huce mun taka gaɓar Turai.
Na duba agogo, na sake dubawa,
na ƙyalƙyale da dariya.

Na waiwaya can nesa, ga gadarmu,
ga ku a kanta, sauri ya haifi nawa,
jerin kiyashi an toshe masa hanya.

Ba zan ce maka babu wahala ba.
Motar haya ta yamma kan matse mutum
har ya san maƙwabcinsa ya ci tafarnuwa.
Tudun unguwarmu bai san tausayin gwiwa ba.
Ran hazo jirgi kan ƙi tashi,
ran ruwa na isa ofis kamar kazar da ta faɗa rijiya.

Amma likita Nurhayat ta auna jinina watan jiya,
ta ɗaga gira ta ce, me ka sauya?
Na ce takalmi.
Wandona ya yi mini yawa, barci ya dawo gida.
Na san sunan mai kifin bakin tasha,
na san baƙar kyanwar da ke kwana kan bencinsa.
Zeliha 'yata ta kakkaɓe tsohon kekena,
shi take hawa ta bi gaɓa zuwa makaranta,
tana kaɗa ƙararrawa, tana barin manyan motoci a baya.

Ban ce ka sayar da taka ba.
Bar ta don ran kai mahaifiyarka asibiti,
ko ran ziyarar ƙauye da kaya.
Gobe kawai nake roƙo, gani ya kori ji.
Bakwai da kwata zan ƙwanƙwasa ƙofarka.
Bar makullin inda ya kwana,
sa takalmin da ba ya cizo.
Shayin farko ni zan biya.