Mai Ƙarasa Magana

A Kumo, bayan tashar mota,
ofishin ƙungiyar manoma ɗaki ne guda:
fanka mai tari, benci biyu,
da kwamfuta a kan tebur
wanda aka tallafe wa ƙafa da rabin bulo.

Kawuna Barkindo ke riƙe da rajista.
Sunaye dubu uku da ɗari huɗu
a cikin wani siririn akwati.
In ya danna, jerin ya zubo ƙasa
kamar igiyar guga a rijiyar Dukku.
Ya yi ta ja, ya yi ta ja,
layin masu karɓar taki ya kai gindin darbejiya,
kafin ya iso kan Zubairu
an ɗauke wuta.

Ya ce, "Ke da kika yi karatun abin nan a Kashere,
ba ki da maganinsa?"

Dare uku na raba da fitilar waya
ina koya wa akwatin kunne.
Na ce masa: in harafi ya faɗo, kada ka jira na goma,
tankaɗe kamar rariya,
miƙo abin da ya rage.
In aka ƙara wani, sake tankaɗewa.

Ranar gwaji ya kunyata ni.
Kawu ya buga D yana neman Ɗanlami Tukulma,
akwati ya ce babu mai wannan suna.
Ga mutum tsaye, gumi har gwiwar hannu,
da rasit a tsakanin haƙora.
Ashe inji bai san ƙugiya ba,
a wurinsa da da ɗa ko ƙauye ba su haɗa ba.
Na koma na zaunar da su na yi sulhu,
ka da ƙa, ba da ɓa,
in an kira ɗaya, ɗan'uwansa ma ya amsa.

Daga nan aiki ya miƙe.
Harafi biyu, uku in ya yi yawa,
mutumin Pindiga ya fito, na Tumu ya fito.
Layi ya watse kafin azahar,
har mai kunun zaƙi ta yi mini ƙorafi
wai na kore mata kasuwa.

Ranar Laraba da yamma, saura mutum ɗaya,
Inuwa Kalshingi, buhu huɗu.
Kawu ya buga I, ya buga N,
akwati ya yi azarɓaɓi ya cika sauran da shuɗi:
Innawuro Barkindo, Garko, buhu biyu.

Fanka ta ci gaba da tarinta.
Yatsansa ya tsaya a iska.

Bara da damina muka kai ta,
waken gonarta ko fure bai yi ba.
Babu wanda ya tuna ya gaya wa rajista.

Na ce, "Kawu, laifina ne. Layi ɗaya ne, bari in goge."
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga,
ya daɗe yana gogewa.

"Shekara talatin da ɗaya," in ji shi,
"ban taɓa kai ƙarshen magana a gidana ba.
In na ce, ina..., sai ta ce, tana kan taga.
In na ce, gobe..., sai ta ce, na riga na jiƙa geron.
Har faɗa na yi mata a kan haka.
Bar ta."

Sai ya buga U.
Ta matsa gefe, Inuwa ya fito,
ya dangwala yatsa, ya ɗora buhunansa a babur.

Ban goge ba.
A rajistar kaɗai na sa mata alamar
kada a ware mata taki.
Har yau in mai suna Inuwa ya zo, ko Inusa,
ina ji daga inda nake zaune:
danna, danna,
sai ɗan shiru kamar na mai haɗiye ruwa,
kafin ta uku.