Kwali na Tamanin da Bakwai

Ƙarfe huɗu na asuba a Grimsby,
sanyi ya ratsa safar hannu ya kai ƙashi.
Kwalaye sun yi sahu a kan ƙanƙara,
kowanne da lamba a goshi,
kowace lamba da jirginta,
kowane jirgi, in ji takarda,
ya jefa koma inda doka ta yarda.

Sai na tamanin da bakwai.
Na'ura ta ce jirgin ya ɓace kwana tara,
ba a san ruwan da ya kwana ba,
ya dawo da sabon suna a ƙirji
da tutar ƙasar da ba ta da gaɓar teku.

Na ɗaga kifin. Ido a buɗe,
baki a buɗe, bai ce uffan ba.
Kawu Tanimu a Yawuri
da shinshina kaɗai yake raba
na gulbi da na tabki.
Ni sai na yanki tsoka kamar farce,
na sa a kwalba, na aika gwaji.

Dillali Harker ya dubi agogo:
"Kifi kifi ne, masu suya na jira."
Ai ruwa ba ya tsami banza.
Can wani waje, mai kwalekwale
ya ja taru jiya, ya ɗago ciyawa,
yara sun kwana da gaya ba miya.

Na manna jan tambari.
Kifi na ganinka, mai jar koma,
yau ni ma na gan ka.
Shayina ya huce tuni.