Abin da Jini Ya Kwaso

Rybnik, ƙarfe bakwai, gari bai gama wayewa ba.
Kwalabe goma sha tara a kan tire,
ta huɗu da sunan Alojzy Wieczorek.
Na san hannun da aka soka.
Shi ya koya min ɗaure igiyar takalmi.

Shekara talatin da ɗaya yana sauka ramin kwal,
ya fito, ya wanke fuska, ya kunna sigari,
wai don ya kori ƙurar.
Yanzu matakala goma sha biyu ce zuwa ɗakinsa,
a ta biyar yake tsayawa
ya yi kamar yana duba agogo.

Huhu ba ya ihu.
Akwai zare a cikinsa, siriri, mai miƙewa ya dawo;
in ya tsinke ba a jin ƙara,
sai dai guntayen su faɗa jini,
yadda kogi ke kwaso ɓaraguzan gida
ya wuce da su gaban waɗanda ba su ji rushewar ba.
Ni ce a bakin gaɓa.
Ina ƙirga katako, ina ƙirga ƙusa.

Na'ura ta juya, ta juya, ta yi shiru.
Ja ya kwanta, rawaya ya taso.
Lamba ta fito.
Ta ɗara ta bara.

Dakta Bronisława ta leƙo ta kafaɗata:
"Alama ce, Jadwiga, ba hukunci ba.
Har yanzu koyon karatunta muke."
Na ce to.
Na rubuta lambar da kyau, har da ɗigonta.

Da yamma na tarar da shi bayan gida,
wajen akurkin tattabarunsa.
Da can da fito yake kiransu daga sama,
yau gwangwanin hatsi yake kaɗawa.

Ya ce, "Me jinina ya faɗa miki?"
Na ce, "Gulma, Baba. Jini magulmaci ne."
Ya yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari,
tarin ya daɗe.

Na karɓi gwangwanin.
Ya dafa gwiwa, ya tsuke leɓe,
yana sakin iska kaɗan-kaɗan kamar yadda aka koya masa,
bakin mai fito sak, amma babu sauti.
Duk da haka guda biyu suka sauko,
mai toka-toka da wadda ya sa wa sunan mahaifiyata.