Ƙwaurin Sukman

Shekara talatin da takwas yana hawa
daga Jiri zuwa Namche,
igiya a goshi, kwando a gadon baya:
gishiri, kananzir, wata rana har gilashin taga
da ya kai shi ko tsagewa bai yi ba.
In ya jingina da sanda yana huci
sai ka ce duwatsu biyu aka ɗinke
a cikin fatar ƙwaurinsa.

Ni ce Phulmaya, autarsa.
Ina ƙarama nakan zagaye ƙwaurin nan da hannu biyu,
yatsuna su ƙi haɗuwa.
Yau da safe ina shafa masa mai,
hannu ɗaya ya isa.
Har da saura.

Ba tsauni ne ya kayar da shi ba.
Santsin bakin ƙofa ne, ranar ruwa.
Ƙugu ya karye. Mako bakwai a kwance
yana ƙirga katakon rufi.
Ƙashi ya ɗinke,
nama kuwa ya tafi ba sallama.

Likita a Kathmandu ta matsa cinyarsa ta ce:
tsoka baƙuwa ce mai zuciya,
in an daina aikenta sai ta ɗaure kayanta.
Ta ce ba faɗuwar ce mafari ba,
tun ya haura hamsin take zarewa
kamar zare daga bakin bargo.
Sai haƙora suka zube,
ya bar abin tauna,
ya koma shayi da ruwan shinkafa,
jiki ya rasa abin ci, ya juya yana cin kansa.

Maganin da ta rubuta ya ba shi dariya:
ƙwai, wake, kindirmo,
da tashi daga kujera sau goma, ba dafawa.
«Ni? Da na goyi buhu biyu na haye gadar igiya?»
A na huɗu gwiwa ta yi rawa.
A na shida ya zauna, ya juya fuska bango.
Ban ce komai ba. Na fita duba wuta,
wutar da ba abin da ya same ta.

Washegari ya ce in sauko da kwandon.
Igiyar ta bushe, goshinsa dai ya gane ta.
Ya goya shi wayam,
daga ƙofa zuwa katangar akuya,
taku sha tara, ya dawo.

Ran nan na faki idonsa na jefa dankali ɗaya.
Bayan kwana uku, na ƙara.
Ƙarfin da ba zai dawo duka ba, na sani,
shi ma ya sani.

Jiya ya ɗaga, ya tsaya,
ya gyara igiya, bai waiwayo ba.
«Phulmaya,» ya ce, «yau bakwai ne.
Na ƙasan nan ƙarami ne, kin yi mini rowa.»