Tabon Ruwa

Filin Rigachikun na sayar, na haƙa burtsatse a Kabala.
Ranar da ruwa ya ɓullo na yi sujada cikin laka,
na ce yau na ga bayan talauci.
Ruwa garau, ko a kofin baƙo ba ka jin kunyarsa.
Na sayi injin feshi, na sayi sabulu katan guda,
na rubuta allo da jan fenti: A WANKE TAS.

Sai ga Hajiya Asabe da baƙar motarta,
baƙa wuluk, kana ganin haƙoranka a ƙofarta.
Muka wanke, muka ɗauraye, muka bar wa rana sauran.
Da ta bushe sai ɗigo-ɗigo fari,
daga goshi har wutsiya, kamar gashin zabuwa.
Ta shafa da yatsa, ta dube ni ta saman tabarau:
"Barau, wanka ka yi mata ko zane?"
Ba ta biya ba, ni ma ban miƙa hannu ba.

Ruwa ba ya tsami banza.
Da dare na hau tanki da tocila a baki,
gindinsa ja wur, kamar an jiƙa tsohon kwano,
bakin famfo ya yi ɓawon fari,
injin da ko wata uku bai yi ba yana tari kamar tsoho.
Ashe abin da nake wanki da shi, shi ma yana son wanki.

Dogara, yarona ɗan Kachia, mai tsagaggen tafin hannu,
ya ce, "Maigida, uwata ba ta taɓa ba mu ruwan rafi kai tsaye ba.
Tsakuwa a ƙasa, yashi a sama, gawayi a tsakani,
sai ta ce wa ruwa, bi a hankali."
Durom uku muka jera a kan bulo,
yashi daga bakin kogi, gawayi daga wurin mai gasa masara.
Jan ya tafi.
Farin ya ce yana nan.

Na cika gora na kai ɗakin gwaji.
Wata mai farar riga ta ɗiga masa magani, ya sauya launi,
ta ce, "Zartsi ne, ba ya ganuwa, yashi ba ya kama shi."
Ta rubuta mini sunan wani shuɗin tulu mai cin gishiri.
Na yi dariya: gishiri zai kori zartsi?
Ta ce, "Ƙaya da ƙaya ake cire ta."
Babur ɗina ya tafi a kan tulun nan.

Yanzu kullum da safe, kafin shayi,
ina ɗiga ruwa a kan baƙin gilashi in ajiye a rana.
In ya bushe bai bar sawu ba, mu buɗe.
In ya bar sawu, mota ta jira.

Na ɗauka magana ta ƙare,
sai Malam Tanimu mai lambu ya hauro daga gangare
da latas a hannu, ganyen na ƙyallin baƙin mai.
Bai ɗaga murya ba, ya ce,
"Ka tace mai shigowa. Mai fita fa, wa ka bar wa?"
Ranar ni da Dogara muka sake ɗaukar diga,
rami biyu a bayan shago, mai ya taso sama mu kwashe,
laka ta kwanta, sauran ya wuce da sauƙin kunya.

Hajiya Asabe ba ta dawo ba.
Nakan ga motar ta wuce wajen gada, ƙura har gilashi.
Na ware mata durom guda, na rufe da leda,
ko kwabo ba zan karɓa ba.
So nake kawai ta shafa yatsa,
ta duba, ta rasa abin faɗa.