Rinin Dakta Labbo

Ranar da na samu gurbi a Dundaye
Baba bai tanka ba sai da ya gama murzar fata.
Majemi ne, jan rini ya kama shi har gwiwar hannu.
Ya ce, "An ce can ma akwai marina.
Kada ka dawo mini da launin wani."

Dakta Labbo kam marini ne, ban musa ba.
Laccar ƙarfe takwas takan koma gangami,
alli ya karye a hannunsa in ya iso kan talaka,
hularsa ma ta karkata wajen jam'iyyarsa.
Mu ɗari biyu da 'yan kai, wasu bisa taga.
A jarrabawa muka mayar masa da abinsa,
wa zai ja da mai riƙe da maki?
Modi ya haddace shi kaf,
har da gyaran muryar da yake yi kafin ya ce "jari-hujja".
Ya fi kowa ci.
Ranar zaɓe ya dangwala inda kawunsa ya nuna.

Ni ban sani ba.
Mai yiwuwa ya shafe ni.
Amma daminar da Rima ta hau hanya,
muka shiga kwalekwale, takardu cikin leda bisa kai,
ba Dakta ne ya sa na fara ƙirga alkawura ba.
Arzika direba ma yana da tasa laccar,
daga Dandima har ƙofar makaranta.
Inna na da tata a bakin murhu,
mudun gero ne allonta.

Muna aji huɗu Dakta ya sauya sheƙa.
Ofis, da mota mai baƙin gilashi.
Luba, wadda ba ta taɓa yarda da shi ba ko sau ɗaya,
ita ce ta yi hawaye.
Ta ce, "A bakinsa na koyi cewa ina hujja.
Gobe zan je in tambaye shi."
Ta kuwa je. Maigadi ya ce ya fita.

Da na koma gida Baba na jiƙa bagaruwa.
Ya dube ni ciki da bai
kamar fatar da aka kawo masa daga Kara.
"To, wane launi?"
Na ce ban gane ba tukuna.

Ya ce, "Tukunya ɗaya nake tsoma su.
Wata ta sha, wata ta ƙi,
wata sai ta kwana biyu a rana ka san abin da ta ɗauka.
Miƙo mini ƙwaryar can."